Yatsan Dije

Kudenda, Kaduna
6 ga Mayu, 2024

'Yata Fiddausi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kina kuma cin abinci, don a hoton da uwarki Amina ta nuna mini ranar da na leƙa ta a Tudun Wada na ga wuyanki ya ƙara tsawo. Mu nan lafiya, mun gode Allah. Gwiwata tana nan yadda kika san ta, kullum da safe sai na lallashe ta kafin ta yarda ta kai ni rumfa. Babanku Wilson ya samu sauƙin tarin, har ya koma gardama da rediyo.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Netwok ɗin Kudenda yana yanke magana a tsakiya, wannan kuwa ba maganar da zan yarda a yanke mini ba ce. Kuma takarda kina iya ɗora ta a kan teburin oganku. Malam Usman direba zai miƙa miki ita tare da buhunan wannan satin.

Godiya zan fara yi. Shekara biyu ke nan da kika haɗa ƙungiyarmu da kamfaninku na Sabon Murhu, kuma injin matsa gawayi da rumfar busarwa mai sola sun ɗauke mana wahala. A da, in damina ta faɗi, gawayin ƙaiƙayi sai ya kwana shida bai bushe ba, yanzu kwana biyu an zuba a buhu. Kin kuma yi mana alkawari za a yi rajista, kowace mace cikin mu ashirin da uku ta samu hannun jari a wurin, ta samu bakin magana, kuɗinta ya riƙa faɗawa wayarta ba ta hannun kowa ba. Mata sun yi ta murna har da guɗa.

To, ranar Alhamis ma'aikacinku Malam Zakariyya'u ya zo da na'urar ɗaukar yatsa. Mutumin kirki ne, ya yi haƙuri da mu. Na'urar ta karɓi mutum sha huɗu, har da ni, ta ƙi mutum tara. A ɗora yatsa ta nuna ja, a goge a sake ta nuna ja. Ya ce zanen yatsunsu ne ya shafe, na'urar ba ta ganin komai. Da muka tambaye shi mafita, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi dai abin da aka gaya masa, duk wadda ba ta shiga ba kafin ƙarshen Yuni ba mamba ba ce.

A cikin taran akwai Dije. Ban sani ba ko kin tuna ta, tsohuwar nan doguwa mai baƙin mayafi da ta ba ki gyaɗa ranar da kika kawo mana injin. Daga Makera take zuwa kullum, keke biyu take shiga, kuma ba ta taɓa bari na riga ta buɗe rumfa ba. Shekara sha tara ta yi a sashen rini na masaƙa a Kakuri kafin a rufe. Lokacin da muka fara, gawayinmu rugujewa yake yi tun a buhu, ita ce ta gano yawan kokon rogon da za a zuba ya riƙe. Abin da kuke sayarwa a Abuja da tambarin koren ganye, hannun Dije ne. Ranar da na'urar ta ƙi ta, wanke hannu kawai ta yi ta koma bakin kwanonta. Ni kuwa raina ya ɓaci, har yau bai dawo ba.

Ni da uwarki kakanninmu wa da ƙane ne, gida ɗaya a Zonkwa. Reshenku ya bi masallaci, namu ya bi coci, amma ban taɓa yin sallama sau biyu a ƙofarku ba. Da wannan ƙarfin nake tambayarki: me za a yi da mutum taran nan?

Mamanki,
Scholastica

*

Abuja
13 ga Mayu, 2024

Mama Scholastica,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Baba Wilson, Allah ya ƙara masa sauƙi ya bar rediyo ya huta. Ni lafiya ƙalau. Wuyan nan kuma gadon Zonkwa ne, ki duba madubi.

Mama, na karanta takardarki, na kuma ji zafin abin. Amma ki ba ni dama in gaya miki dalilin na'urar, don ba don wulaƙanci aka kawo ta ba. A wata jiha an taɓa kawo mana sunayen mata arba'in, da aka bincika sha ɗaya ba a ma haife su ba. A wani wurin matan na nan, suna aikin, amma mazajensu da 'ya'yansu ke karɓe kuɗin da sunansu. Shi ya sa masu ba mu tallafi suka ce ba yatsa, ba hannun jari. Wannan na'urar kariya ce gare ku, babu namijin da zai ari babban yatsan matarsa ya zo da shi a aljihu.

Na tambayi masana abin a ofis, sun ce zanen yatsa yana dawowa. Abin da ake bukata hutun sati uku ne: ba toka, ba ruwan zafi, a riƙa shafa man kaɗe safe da yamma. Mutum tara ne kawai, sauran sha huɗu za su riƙe aikin kafin su dawo. Ga safar hannu nan na ba Malam Usman, su riƙa sawa daga baya. In kuma aka yi rashin sa'a wata ta sake faɗuwa, ba korarta aka yi ba. Za ta ci gaba a ƙarƙashin wata mamba a matsayin mataimakiya, ana biyanta kuɗin yini.

Ga kuma albishir. Gidajen burodi uku da ƙungiyar masu gashin nama a nan sun yarda su bar itace su gwada gawayinku, buhu ɗari shida kafin Babbar Sallah. Motar farko, buhu ɗari biyu, ranar talatin ga wata. Oga Derrick, shugabanmu, ya ɗora aikin a kaina, ni kuma na bugi ƙirji na ce matan Mamana ba sa saɓa alkawari. Don Allah ki kwantar musu da hankali.

'Yarki,
Fiddausi

*

Kudenda
17 ga Mayu, 2024

'Yata,

Muna lafiya, da fatan ke ma haka. Takardarki ta iso, safar hannu ma sun iso. Na karanta wa mata ita daga farko har ƙarshe, sau biyu, har da wurin mataimakiya.

Kin ce a huta sati uku. Za a huta, daga ranar Litinin.

Ki gaida oganku.

Scholastica

*

Abuja
31 ga Mayu, 2024

Mama,

Ina gaisuwa, da fatan gida lafiya. Ni kam ban san ko lafiyata ƙalau ba.

Jiya na tsaya a sito tun ƙarfe goma, ni da manajan gidan burodi ɗaya da masu sauke kaya mutum huɗu. Malam Usman ya iso bayan azahar, ya buɗe bayan mota, babu komai sai tamfol da igiya. Na tambaye shi ina kaya, ya ce shi ma da ya je Kudenda zaune ya tarar da ku, ku duka, hannuwa a kan cinya. Ya ce kin ba shi ruwa, kin yi masa addu'ar hanya, kin ce ya gaishe ni.

Mama, mutum tara na ce su huta, ban ce ashirin da uku ba, kuma kin san haka. Gajeruwar takardar nan taki da murna na karanta ta. Na ɗauke ta da hannuna na kai wa Oga Derrick na ce ga shi, an gama magana, sun amince. Yau ya ciro ta daga fayil a gaban kowa ya ce in sake karanta ta a hankali. Da na sake karantawa na ga ko "mamanki" ba ki rubuta a ƙasa ba. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Na kira wayarki sau tara ba ki ɗauka ba. Na kira Umma, ta ce ita ba ta shiga tsakanin uwa da 'ya.

Ki gane, ba ni kaɗai za a hukunta ba. Masu burodin nan da kyar muka raba su da itace, in suka koma ba za su sake saurarenmu ba. A ofis akwai masu cewa tun farko a kai injin wani gari inda mutane suka san darajar taimako. Ni ce nake tare musu hanya. Yanzu da wane baki zan yi magana? In fushi kike da ni ki zage ni, na saba, amma kada ki sa mata sha huɗu da suka riga suka shiga su rasa abin da suka samu saboda tara da ake kan gyara maganarsu.

Ki amsa mini, ko da layi biyu ne.

'Yarki,
Fiddausi

*

Kudenda
12 ga Yuni, 2024

'Yata Fiddausi,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ruwa yana ta sauka, har kwalbatin bakin layinmu ya cika. Takardarki kwana goma sha ɗaya ta yi a cikin Littafi Mai Tsarki. Da na amsa a ranar da ta zo, da na rubuta abin da zai sa uwarki ta fasa rantsuwarta ta shiga tsakani. Na kuma so sati ukun ya cika in ba ki labari cikakke.

Kin yi lissafi irin na ofis: a cire tara daga ashirin da uku, saura sha huɗu, aiki ya ci gaba. Amma ba wanda ya tambaye mu su waye taran. Fiddausi, su ne masu cuɗi. A rumfarmu akwai masu ƙona ƙaiƙayi a duro, akwai masu tankaɗe, akwai masu injin matsa, masu shanya, da ni da gwiwa ta zaunar a bakin sikeli. Sai kuma mutum tara da ke tsoma hannu cikin garin gawayi da kokon rogo mai zafi, suna cuɗawa tun safe har la'asar. Abin da ya cinye musu yatsu ke nan. Na'urarku ba caɓe ta yi ba, zaɓa ta yi, ta ware waɗanda in babu su babu abin da za a matsa. Ni da ta karɓa a karon farko, shekara uku rabona da kwanon cuɗi, kuma da ta nuna mini kore kunya na ji.

Kada ki ce ba mu gwada ba. Ranar Asabar ɗin, kafin a fara hutun, Mary da Hadassah, daga cikin sha huɗun, sun sa safar hannunki sun yi cuɗi. Roba ba ta jin laushi, ba ta jin ko koko ya yi yawa. Abin da suka matsa, da ya bushe ko a tafin hannu ba ya tsayawa. Da kin fi so mu ɗura wannan a buhu mu aiko wa masu burodinki? Amma ba zan ɓoye a bayan wannan ba. Ko da sun iya, ba za mu yi ba. Da na karanta wurin mataimakiya, Comfort ta miƙe, ita da na'urar ta karɓa, ta ce Dije ce ta koya mata riƙe kwano, in har za a wayi gari ita ce ke ƙirga wa Dije kuɗin yini, gara ta koma tallan lemo a Gonin Gora. Aka ɗaga hannu, babu wanda ya rage a ƙasa.

Haka muka yi sati uku. Ƙarfe bakwai kowa ta zo, a shafa man kaɗe, a zauna a jere kamar amare. Masu wucewa zuwa kamfanoni suna leƙe suna dariya, wani har ya tambaya ko sabon coci muka buɗe. Kada ki ɗauka daɗi muka ji. Esther ta sayar da akuyarta. Rebecca ta cire 'yarta daga lesin. Zumuntar mata ta cocinmu ta kawo masara kwano goma, Dije ta zo da gari da ƙuliƙuli daga Makera, tukunya ɗaya muke ɗorawa. Su masu cewa ba mu san darajar taimako ba, ki tambaye su ko sun taɓa biyan kuɗin shawarar da suka bayar da akuyarsu.

Shekaranjiya Malam Zakariyya'u ya dawo. Masananku sun yi gaskiya, mutum takwas sun shiga, ɗaya bayan ɗaya, muna tafi. Sai Dije. Ya gwada babban yatsa, ya gwada manuni, ya sa ta goga a goshi, ya sa ta hura, ya goge gilashin da bakin rigarsa. Yatsu goma, ja goma. Zufa har ta jiƙa masa hula. Ita ce ma ta ba shi haƙuri.

"Malam, daina wahalar da kanka," in ji ta. "Masaƙa ta ci rabi, gawayi ya cinye sauran."

Jiya mun koma aiki, don yunwa ba ta san rajista ba. Masu gasa masara na Gonin Gora da masu abinci na Barnawa suna saye, kamar yadda suke saye tun kafin ku san da mu. Amma buhu ko ɗaya ba zai hau motar Abuja ba sai an rubuta mu ashirin da uku. Ba na fushi da ke yadda kike zato. Ina dai jin ciwon yadda kika rubuta "mutum tara ne kawai" hannunki bai yi rawa ba.

Mamanki,
Scholastica

*

Abuja
19 ga Yuni, 2024

Mamana,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da duk matan rumfa. Sallar bana a nan na yi ta, ban iya zuwa Kaduna na haɗa ido da ke ba. Ki yi wa Dije barka da Sallah.

Masu burodi biyu sun koma itace, masu gashin nama ma sun sayi gawayin daji. Ba don in ɗora miki na faɗa ba, don ki san inda muke ne. Laifin ba naki ba ne. Sau huɗu na zo rumfar nan, na ɗauki hotuna fiye da ɗari, ban taɓa tambayar wa ke yin me ba. Akwai kuma abin da na rufe miki. Masu tallafi cewa suka yi a tabbatar kowace mace tana raye kuma ita ke karɓar haƙƙinta, ba su ambaci yatsa ba. Ni na kawo shawarar na'urar, aka yaba mini, har a kanta aka ƙara mini matsayi. Shi ya sa na yi ta kare ta. Ki yafe mini.

Amma na samo hanya. Na bi tsarin rajistar layi-layi, na tarar akwai gurbi na musamman na masu nakasa, waɗanda suka rasa yatsu ko hannu. Su ba a neman zanen yatsa, fom kawai za a cike, a yi alama a akwatin nakasa, a samo hatimin asibiti. Na roƙi Oga Derrick ya yarda a sa Dije a nan, ya yarda. Hannun jarinta daidai da na kowa, ba abin da za a rage mata. Ga fom ɗin a cikin ambulan, na riga na rubuta sunanta. In ta je asibiti ranar Litinin, Malam Usman ya dawo da shi kafin mitin ɗinmu na ranar Juma'a ashirin da takwas, shi ke nan an wuce wurin.

Mama, alama ɗaya ce a takarda, ba wanda zai gani sai kwamfuta. Don Allah ki lallashe ta.

'Yarki,
Fiddausi

*

Kudenda
25 ga Yuni, 2024

'Yata,

Muna gaisuwa, muna lafiya. Na yafe miki tun kafin in kai ƙarshen layin. Wadda ta iya cewa ni na yi, jinin gidanmu ce. Babanku ya ce in gaya miki ya fi shekara talatin yana jira ya ji wannan kalmar daga bakina.

Fom ɗinki kuwa, ga shi na dawo miki da shi.

Na ja Dije gefe na karanta mata, don ban so a yi a gaban mutane ba. Ta sa na maimaita wurin akwatin. Sai ta miƙo hannuwanta biyu ta juya su gaba da baya, ta tambaye ni in ta je gaban likita me za ta ce yana damunta. Ta ce tana da maƙwabci da injin masaƙa ya datse wa yatsu huɗu, wannan gurbin nasa ne, ita ba za ta shiga rigarsa ba. Na ce mata 'yar nan ta ce kwamfuta kaɗai za ta gani. Ta ce ita ma ai za ta sani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali daga baya ya zo. Washegari ta tara mu ta ce ta yi tunani, ba za ta zama sanadin da 'yar Rebecca za ta zauna a gida ba. A sa ta ƙarƙashin Comfort, a buɗe hanyar Abuja, ita tsohuwa ce, hannun jari na masu sauran shekaru ne. Fiddausi, na ga matar nan ta binne miji ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma ranar muryarta ta karye. Rebecca ce ta amsa mata, ta ce 'yarta za ta koma lesin da kuɗin masu masara, kuma kada Dije ta sake sa sunan yarinyar a irin wannan magana. Aka tashi a haka.

Yanzu ga labarin da za ki kai mitin. Malam Zakariyya'u ya bar mana na'urar, tunda tsarinku ya ce kowace Juma'a sai mamba ta ɗora yatsa kafin a sakar mata kuɗin sati. Juma'ar da ta wuce, kwana goma da komawa aiki, muka jera muka gwada. Takwas ɗin nan da muka yi wa tafi, shida ta ƙi su. Cikin Mary da Hadassah da suka fara koyon cuɗi a wurin Dije kuwa, Mary ma sai a karo na biyar ta karɓe ta. Wato in muna so ta san mu sai mu zauna, in muka yi aiki ta manta da mu. To ku gaya mana wanne kuke so, gawayi ko yatsu masu sheƙi, don ba za ku samu duka biyu ba. Ko kuwa duk wata za ku riƙa aiko mana da fom ɗin nakasa har mu ƙare?

Mu ga tamu shawarar. A coci da shaidu ake ɗaura aure, a masallaci ma haka, fili ma da shaidu ake sayar da shi. Ku ɗauki hoton fuskar mace, mambobi biyu su tsaya mata, a ɗauke su tare a waya. Wanda zai kawo sunan matar da ba a haifa ba, sai ya fara wucewa ta gaban mata ashirin da uku da suka san kowa har kakarta. Ki juya bayan fom ɗin, mun sa hannu mu duka, masu iya rubutu da masu zana gicciye.

Akwatin ba mu taɓa shi ba. A wurin hatimin asibiti kuwa Dije ta karɓi birona ta yi rubutu da kanta, daga dama zuwa hagu, layi uku. Shekara tara muna tare ban san ta iya ajami ba, ashe mahaifinta malami ne. Na tambaye ta me ta rubuta, ta ce ba ni ta rubuta wa ba. Ke kin yi islamiyya, sai ki gani.

In mitin ɗinku ya ƙi, ku turo a kwance sola da injin, za mu taya ku lodi. Da rana muka fara busar da gawayi, kuma ranar ba ta kamfaninku ba ce.

Mamanki,
Scholastica

*

Abuja
3 ga Yuli, 2024

Mamana,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Baba da matan rumfa. Ina lafiya, yau har tuwo na ci na ƙara.

Ba zan ja miki rai ba: an shigar da Dije, cikakkiyar mamba, ba a gurbin nakasa ba. An amince da hoto da shaidu biyu, na gwaji na wata shida, a Kudenda da sauran wurare huɗu. Da na sa aka bincika, ashe a can ma akwai mata talatin da ɗaya da na'urar ta zubar, masu sabulu da masu wankin roba, su ba su da mai rubuto takarda, sai suka koma mataimaka shiru. Za a sake kiransu. Kada ki ɗauka da daɗin rai aka yi. Awa uku aka yi ana musu, mutum biyu har aka tashi suna cewa a kwance injin. Ni kuma an ba ni takardar gargaɗi a kan buhu ɗari shida, an janye ƙarin matsayin. Ban ji zafinsa yadda na zata ba.

Yadda abin ya juya, Oga Derrick ne ya ɗaga fom ɗin a gaban mutane, ya ce ga irin abin da yake fama da shi: ba alama a akwati, ba hatimi, wani ma ya yi zane-zane a wurin. Na ce ba zane ba ne, rubutu ne. Ya miƙo mini ya ce to in karanta. Na miƙe tsaye na karanta musu takardarki tukuna, har wurin Juma'ar da na'urar ta ƙi mutum shida. Sannan na karanta na Dije. Hannunta ya fi nawa kyau, ko wasali ɗaya ba ta bari ba. Tunda ta ƙi gaya miki, ga abin da ta rubuta:

"Ni ce Khadijatu 'yar Malam Sale, mai cuɗin gawayi a Kudenda. Yatsuna goma ne, duka suna aiki. Wanda yake son ganinsu ya zo ranar Litinin da ƙarfe bakwai."

Can Oga Derrick ya karɓi fom ɗin ya daɗe yana kallonsa, shi da bai san ko ta ina ake farawa ba, sannan ya tambaye ni wace Litinin take nufi. Na ce ba ta faɗa ba, ina jin kowace.

Ran Lahadi za mu taso, ni in kwana wurin Umma, shi a Barnawa. Ya ce in roƙe ki a tanadar masa wurin zama inda zai ga aikin da kyau. Ki ce wa Dije ta ware mana kwano biyu, kuma kada a ba mu safar hannu.

'Yarki,
Fiddausi